Mako guda a jirgi mai ƙyalle daga Split: tsibiri nawa za a iya gani?

Baban Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka san teku nake nema. Ni da mai ɗakina da yaranmu biyu da ƙanena muna shirin ɗaukar hayar jirgin ruwa mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa, na mako guda a gaɓar Kuroshiya, farkon watan Yuli. Da matuƙinsa za mu ɗauka, don babu mai lasisi a cikinmu. Ga yadda na tsara: mu tashi daga Split ran Asabar, mu fara da tsibiran Kornati, mu gangaro Brac, Hvar, Vis da kogon nan mai shuɗin haske, sai Korcula da Mljet, mu taɓa Dubrovnik, mu dawo Split kafin wata Asabar ɗin. A taswira dai duk kusa da juna na gan su. Me kuka gani?

Tsohon Matuƙi:
Wa alaikumus salam, Baban Yara. Zaɓin wuri kam ka yi, amma wannan jerin tafiyar mako uku ce ka dunƙule cikin guda.

Mu fara da lokaci. Kamfanonin haya a can Asabar zuwa Asabar suke bayarwa, to amma sai wajen la'asar ko yamma ake miƙa maka jirgi, bayan an wanke an duba shi. Kuma ran Juma'a da yamma suke so ka dawo tasha, ka cika tankin mai, ka kwana a ciki, da safe ka fita. Ke nan kwana shida gare ka a kan ruwa, na shidan ma rabinsa komawa ne.

Sai gudu. Jirgi irin wannan, mai tsawon mita 12 zuwa 14, mil 5 ko 6 na teku yake ci a awa, kuma mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Daga Split zuwa Dubrovnik ya haura mil 100, je ka dawo ya wuce 200. Kornati kuwa ba ma a hanyar take ba, arewa maso yamma take, wajen Shibenik da Zadar, Dubrovnik kuma kudu maso gabas. Ƙara wani mil 100 a kai. In ka raba mil 300 cikin kwana shida, awa tara zuwa goma ke nan kullum kuna tafe. Za ku riƙa isa gari bayan magariba, duk wuraren ɗaure jirgi sun cika, ku tashi da asuba ba ku ga komai ba. Yaran nan ran uku za su fara tambayar yaushe za a koma gida.

Baban Yara:
Tirƙashi! Na gode Kyaftin. To in an cire Kornati, sauran zai yiwu?

Tsohon Matuƙi:
Kornati ta fita, wannan babu musu. Tana da makonta daban, daga Zadar ko Biograd ake fi nufarta. Amma ko bayan an cire ta, da Dubrovnik nake da ja, saboda iska. A lokacin bazara iskar da ta fi yawa a can ita ce maestral. Daga arewa maso yamma take zuwa, ta taso da hantsi, ta yi ƙarfi bayan azahar, ta kwanta da faɗuwar rana. In kana gangarawa Dubrovnik a bayanka take, tafiya sai daɗi. A dawowa kuwa a goshi za ka same ta. Jirgi mai ƙyalle ba ya shiga iska kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata dama da hagu, hanya ta kusa ninkuwa, ko kuma a naɗe ƙyalle a kunna inji ana dukan igiyar ruwa. Wanda ya biya kuɗi don ya ji iska na tura shi, bai kamata ya ƙare kwana uku yana sauraron inji ba.

Hajiya Mai Tarihi:
Kyaftin, a nan zan saɓa maka. Mutum ya je har Dalmashiya, wato wannan gaɓar ta Kuroshiya, ya dawo bai ga Dubrovnik ba? Ni dai ba zan ba shi wannan shawara ba.

Baban Yara, birnin nan jamhuriya ce mai cin gashin kanta ƙarni da ƙarni, Ragusa ake ce mata, ƙarama ƙwarai amma ta tsaya tsakanin Benis, birnin fatake da ke Italiya, da Daular Usmaniyya da wayo da fatauci. Tana biyan Sarkin Musulmi na Istanbul haraji duk shekara, shi kuma ya bar 'yan kasuwarta su yi ciniki cikin daularsa. Tun 1377 suka kafa doka cewa wanda ya fito daga ƙasar da ake annoba sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shiga gari, a Cavtat ko a ɗan tsibirin Mrkan. A 1416 suka hana cinikin bayi. Girgizar ƙasar 1667 ta rushe yawancin birnin, suka sake gina shi, shi ya sa gidajen babban titin Stradun duk fasali ɗaya suke. Sai a 1808 Faransawan Napoleon suka kawo ƙarshen jamhuriyar. Ganuwar ta kusa kilomita 2, ana hawa a zagaya ta. Duk wannan arzikin ta teku ya shigo, don haka ni a ganina wanda ya doso birnin ta ruwa shi ne ya gan shi yadda masu shi suka gina shi a gani.

Tsohon Matuƙi:
Hajiya, ban raina Dubrovnik ba ko kaɗan. Sai dai abin da kike hangowa, wato jirgi ya shiga tsohuwar tasha a gindin ganuwa, ba ya faruwa. Ba a barin jiragen haya su kwana a nan. Ko dai Gruz, inda manyan jirage ke tsayawa, ko marina, wato tashar ƙananan jirage, da ke Komolac can cikin bakin kogi, wajen kilomita 6 daga tsohon gari. Daga nan bas ko tasi za ka hau kamar kowa. To in ƙarshenta da mota za ka shiga, me ya sa za ka ƙona kwana uku na jirgi a kai? A gama mako a Split, a hau jirgin fito mai sauri ko bas, a kwana biyu a Dubrovnik a natse.

Hajiya Mai Tarihi:
Ana iya wucewa ta gaban ganuwar a jirgi, tsakaninta da tsibirin Lokrum, ko ba a kwana a nan ba. Wannan kallon kaɗai ya isa dalili. Kuma ai akwai hayar tafiya ɗaya, a ɗauki jirgi a Split a ajiye shi a Dubrovnik. Iskar da kake faɗa ma a bayansu za ta kasance duk makon.

Tsohon Matuƙi:
Wannan kam magana ce. In kamfanin ya yarda, tafiya ɗaya ita ce hanyar da ta dace da mai son Dubrovnik. Akwai ƙarin kuɗi a kai, don sai an maido jirgin, kuma ba kowane jirgi ake bayarwa haka ba. A tambaya tun yanzu, kada a bari sai watan Yuni.

Injiniya:
Ku gafarce ni, ni tambayata daga tushe take. Duk garuruwan nan da ake lissafawa jirgin fito na zuwa. Jadrolinija da wasu kamfanoni suna jigila kullum daga Split zuwa Brac da Hvar da Vis da Korcula, a bazara ma har Mljet da Dubrovnik. Awa ɗaya ka isa Hvar. Ka kwana a ɗaki mai faɗi, ka yi wanka da ruwa isasshe. A jirgin haya kuwa bayan kuɗin jirgin akwai na matuƙi da abincinsa, da mai, da kuɗin kwana a kowace tasha, da harajin baƙi, da na shara a ƙarshe, da ajiyar da ake riƙewa ko da an yi ɓarna. Kowanne da yuro, kuma Yuli da Agusta ne lokacin da komai ya fi tsada. Ɗakin kwanan kuma da ƙyar mutum biyu ke juyawa. In garuruwa ake son gani, me jirgin ya ƙara?

Maman Biyu:
Injiniya, bari in amsa maka, don mun yi irin tafiyar da yaranmu. Lissafinka daidai ne, jirgin fito ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma jirgin fito daga tasha sai tasha, kuma lokacin da kowa ke zuwa shi ma yake zuwa. Garuruwan nan daga hantsi zuwa la'asar cike suke maƙil da masu yini, ko'ina layi, rana na dukan dutse. Da yamma sai su watse. Nan ne tsofaffin gari ke fitowa bakin ruwa, yara na wasa a dandali, masunta na gyaran koma. Da asuba kuma ka fito daga jirgi ka taka titi kai kaɗai, sai mai gasa burodi da ya buɗe. Mai kwana a otal ma zai iya samun wannan, na yarda. Abin da ba zai samu ba shi ne tsakanin garuruwan: lungunan teku da babu hanyar mota zuwa cikinsu, inda za a saki anka da rana, ruwa garau kana ganin ƙasa, yara su yi iyo har su gaji, a ci abinci, iska ta taso a ɗaga ƙyalle. Da aka tambayi yarana abin da suka fi so, babu wanda ya ambaci gari ko ɗaya. Lokacin da matuƙi ya kashe inji ya ba su sitiyari suka riƙa faɗa.

Injiniya:
Maman Biyu, to ai kin ƙarfafa maganata ta wani ɓangare. In daɗin yana tsakanin garuruwa, jerin Baban Yara mai gari takwas ya ci karo da dalilin ɗaukar jirgin. Taura biyu ba ta taunuwa.

Maman Biyu:
A nan bakinmu ɗaya.

Tsohon Matuƙi:
To ga abin da ni zan yi da kwana shidan, a kan awa uku zuwa huɗu na tafiya kullum.

Daren Asabar a kwana a Split. Kada a yi gaggawar fita da yamma don kawai an karɓi jirgi. Lahadi a ƙetara Milna a tsibirin Brac, mil 10 ne, ya isa kowa ya saba da rangajin jirgi. Daga nan Stari Grad a tsibirin Hvar. Sai Vis, kuma kwana biyu zan ba ta, ɗaya a garin Vis ɗaya a Komiza. A dawowa a tsaya tsibiran Pakleni da ke fuskantar garin Hvar, a ɗaure a Palmizana, a shiga gari da tasin ruwa. Juma'a a tsaya iyo a Sholta, a shiga Split da wuri kafin layin shan mai ya yi tsawo.

Wannan ma da fensir za a rubuta shi. Kowace safiya matuƙi zai saurari hasashen yanayi, shi zai ce yau ina aka nufa.

Auta:
Baba Kyaftin, me ya sa Stari Grad ba garin Hvar kansa ba? Duk hotunan da nake gani na Hvar ne.

Tsohon Matuƙi:
'Yata, garin Hvar kyakkyawa ne, amma tasharsa ba wurin barci ba ce. Ƙarama ce, jiragen fito da tasin ruwa na kai da kawo suna tayar da ruwa, jirage na gugar juna, kiɗa kuma har tsakar dare. Wurin ɗaurewa kaɗan ne, kafin azahar ya cika. Stari Grad kuwa can ƙuryar wani dogon lungu take, ruwa kwance, kuma bas na zuwa Hvar daga can.

Hajiya Mai Tarihi:
A wannan ina bayan Kyaftin ɗari bisa ɗari, ko da dalilina daban ne. Girkawa daga tsibirin Paros suka kafa Stari Grad a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa, suka sa mata Faros. Bayan garin akwai fili da suka yanka gona-gona da katangun dutse marasa siminti, kuma har yau a kan wannan yankan ake noman inabi da zaitun. UNESCO ta sa filin cikin kayan tarihin duniya a 2008. A ɗauki hayar keke da sassafe a ratsa shi. Kana tafe a kan iyakar gonar da aka shata shekara sama da 2,300, mai gonar yana ciki yana aiki.

Kuma Baban Yara, daren da za ku yi a Split kada ku ɗauke shi zaman jira. Tsakiyar garin cikin fadar Sarkin Rum Diokletiyan take, wanda ya gina ta ya koma ciki bayan ya sauka daga mulki a shekara ta 305. Ba kango ba ce da aka kewaye da igiya, mutane na zaune a cikinta, da shaguna da shanyar kaya a tagogi.

Baban Yara:
Hajiya, Allah ya ƙara sani. To Vis fa, me ya sa har kwana biyu? Ni don kogon kawai na sa ta.

Tsohon Matuƙi:
Kogon ne ma abin da zan fi saurin haƙura da shi. A tsibirin Bishevo yake, wajen mil 5 daga Komiza. Hasken rana ke shiga ta wata kafa a ƙarƙashin ruwa ya haska ciki da shuɗi, kuma wajen ƙarfe 11 zuwa 12 ya fi kyau. Kowa ya san haka, shi ya sa a lokacin jiragen yawon yini daga Split da Hvar ke taruwa. Ba a shiga da kwalekwalenka, sai ka sayi tikiti ka jira lambarka a shigar da kai cikin nasu, 'yan mintoci a fito da kai. Ƙofar ƙasa-ƙasa take, sai an sunkuya, don haka in ruwa ya ɗan tashi daga kudu rufewa ake yi. In an tashi da wuri kuma teku na kwance, a je. In ba haka ba, kada a ɓata yini.

Ita Vis ɗin kanta ce abin zuwa. Mil 30 take daga Split, ta fi sauran nisa cikin teku. Sojojin Yugoslabiya suka riƙe ta, ba a barin baƙi su shiga sai a 1989, don haka gine-ginen otal da suka cika wasu wurare ba su same ta ba. Kusa da garin Vis akwai ramin da aka fafe cikin dutse don ɓoye jiragen yaƙi, ana shiga bakinsa da kwalekwale. A kan dutsen Hum akwai kogon da Tito, jagoran mayaƙan Yugoslabiya a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zauna a 1944. Komiza kuma garin masunta ne. Da can da jiragensu na katako masu ƙyalle, falkusha, suke tsere zuwa Palagruza, mil 42 cikin teku, don wanda ya riga isa shi ke kama wurin kamun sardin mafi kyau. In ka zauna bakin tashar ka dubi inda suka nufa, babu komai sai ruwa, za ka san irin mazan da aka yi.

Masoyin Girka:
Jama'a duk kun maƙale a Kuroshiya. Baban Yara, ka duba Girka kafin ka biya. Tsibiran Siklad, fararen gidaje a kan tudu, Paros, Naksos, Milos, ga Delos da ba a ma yarda kowa ya kwana a kanta ba saboda darajar kufanta. Kuma tashoshin gari a can sun fi marinonin Kuroshiya sauƙin kuɗi sosai.

Tsohon Matuƙi:
Sauƙin kuɗi gaskiya ne. Amma Siklad a watan Yuli, da yara, da mutanen da ba su taɓa kwana kan ruwa ba? A'a. Lokacin meltemi ne, iskar arewa da kan yi kwanaki tana bugawa ba dare ba rana, ta kai mataki 7 ko 8 a ma'aunin ƙarfin iska na Bofot. Tsakanin tsibiran kuma buɗaɗɗen teku ne, babu abin da ke tare igiya. Sau da yawa mutane kan maƙale a tasha ɗaya rabin makonsu. In Girka ce, ɓangaren Ayoniya a yamma, wajen Lefkada da Itaka da Kefaloniya, shi ya dace da sabon shiga.

Masoyin Girka:
Na karɓi gyara a kan Yuli. Amma a Yuni ko ƙarshen Satumba ba na canja ra'ayi, Siklad ta fi.

Maman Biyu:
Ko a Kuroshiyar ma Yuni da Satumba sun fi, mutane kaɗan, zafi da sauƙi. A Satumba ruwan ma ya fi na Yuni ɗumi, don ya sha rana duk bazara.

Baban Yara:
Hutun makarantar yara ne ya ɗaure mu, dole sai Yuli.

Auta:
Ni abin da ke tsorata ni jiri da tashin zuciya. Ko a mota nakan sha wuya. Anti Maman Biyu, yaya kuka yi? Kuma teku ba ya yin haɗari a can?

Maman Biyu:
Ƙanwata, yawancin mutane ranar farko ko ta biyu suke ji, daga nan jiki ya saba. Kada ki sauka ɗakin ƙasa jirgi na tafiya, nan ne abin ya fi kamawa. Ki zauna a sama wajen tsakiya, idonki a kan inda sama ta haɗu da ruwa, ki ajiye waya da littafi. Kada ki tashi da yunwa, kada kuma ki cika ciki da maiƙo. Maganin jiri kafin a tashi ake sha, in abin ya riga ya fara bai cika amfani ba, kuma yana sa barci, don haka ki tambayi mai kantin magani, musamman in za a ba yara. In an ba ki sitiyari ki karɓa, yana taimakawa ƙwarai.

Sauran abubuwan da ba a faɗa wa mutum: jaka mai laushi za a zo da ita, akwati ba shi da wurin ajiya. Ruwan tanki 'yan ɗaruruwan lita ne ga mutum shida, wanka sai a taƙaice, ko a bari sai an isa marina. Ba a jefa takarda a masan jirgi, toshewa yake. A sayi takalmin shiga ruwa, don gaɓar can tsakuwa ce da duwatsu, kuma akwai bushiyar teku mai ƙaya. Rigar ceto ta yara a faɗa wa kamfani shekarunsu tun kafin a zo.

Tsohon Matuƙi:
Batun haɗari kuma, 'yata, teku ne, ana girmama shi. Bayan maestral akwai iska uku da matuƙi ke sa wa ido. Bura daga arewa maso gabas take faɗowa daga kan duwatsu, busasshiya, da bugu-bugu. Ta fi tsanani da hunturu, amma a bazara ma takan leƙo. Yugo daga kudu maso gabas, a hankali take taruwa da gajimare da manyan igiyoyi, tana ba da sanarwa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce nevera, hadari mai tsawa da ke tasowa daga yamma bayan kwanakin zafi mai nauyi. Sama ta yi baƙi, cikin ɗan lokaci iska ta juye, ta yi ɓarnarta ta wuce. Jirgin da aka saki ankarsa da ganganci a irin wannan daren ne yake jan ƙasa ya faɗa kan na kusa. Hukumar yanayi ta ƙasar tana fitar da hasashe na masu teku, ana karanta shi a rediyon jirgi. Tasha ta 16 a rediyon ita ce ta kiran gaggawa, lambar ceto a teku kuma 195. Kowa a jirgin ya san waɗannan biyun, ba matuƙi kaɗai ba.

Abin da nake roƙonka, Baban Yara: ranar da matuƙi ya ce yau ba za a je inda aka shirya ba, kada ka matsa masa don ka biya kuɗi. Na ga matuƙa matasa da suka fita cikin iskar da suka san bai kamata ba saboda kunyar mai haya.

Malama:
Tunda an zo maganar anka, ina da roƙo ni ma. In kuka dubi ruwa daga sama za ku ga wuri fari-fari da wuri mai duhu. Farin yashi ne, mai duhun kuwa galibi ciyawar posidoniya ce, wadda a Bahar Rum kaɗai take. Ba gansakuka ba ce, tsiro ne mai saiwa da fure. Ita ke riƙe yashi, cikinta ƙananan kifaye ke girma, kuma tana cikin abin da ya sa ruwan yake garau ɗin da ake yabo. 'Yan santimita take yaɗuwa a shekara. Anka ɗaya da sarƙarta in suka ja a ciki, sukan tumɓuke abin da zai ɗauki shekaru masu yawa bai dawo ba, ga jirage dubbai kowace bazara. A saki anka kan yashi. Inda aka kafa maɗaurai masu yawo a kan ruwa, a biya a ɗaure a can. Kuma tankin masai kada a buɗe shi cikin lungun da mutane ke iyo.

Tsohon Matuƙi:
Malama ta faɗi gaskiya, kuma ko don kanka ma yashi ya fi, anka ba ta kama ƙasa sosai cikin ciyawa. Sai dai maɗauran nan a duba igiyarsu, ba duka ake kula da su ba. Matuƙin kirki yakan sa tabarau ya nutsa ya gani da idonsa.

Baban Yara:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna da mai ɗakina da ƙanena. Kornati ta fita. Mun rubuta wa kamfanin a kan tafiya ɗaya zuwa Dubrovnik, sun ce jirgin da muka zaɓa an riga an kama shi daga Split mako mai biye, don haka dole mu maido shi. Za mu bi tsarin Kyaftin, mu ƙara kwana biyu a Dubrovnik ta jirgin fito. Abu ɗaya ya rage: mai ɗakina ta ƙwallafa rai a kan Korcula. Za ta shiga?

Hajiya Mai Tarihi:
Tana da gaskiya. Ɗan gari ne a kan wani tsinin ƙasa, kewaye da ganuwa, titunansa an jera su kamar ƙayar kifi. Na yamma a miƙe suke don maestral ta ratsa ta sanyaya gari, na gabas an ɗan lanƙwasa su don a karya ƙarfin bura. Mutanen da suka san iska ne suka zana shi. Za a nuna muku gidan da ake cewa na su Marko Polo ne. Mutanen garin sun riƙe wannan da ƙarfi, amma yawancin masana tarihi a Benis suke sa haihuwarsa. Abin da ya tabbata shi ne a ruwan da ke gaban garin jiragen Jenowa suka ci na Benis da yaƙi a 1298. Kyaftin, a rage wa Vis kwana ɗaya mana a ba Korcula.

Tsohon Matuƙi:
Hajiya, daga Vis ko Hvar zuwa garin Korcula ya haura mil 30, wato awa shida ko fiye, dawowar kuma iska a goshi. Kwana biyu za ta ci, ba ɗaya ba, kuma su ne za su zama ranaku mafi tsawo a makon. Akwai hanya mai sauƙi. Jirgin fito mai sauri da ke zuwa Dubrovnik daga Split yana tsayawa a Korcula. Su sauka can ran Asabar, su kwana, washegari su ƙarasa. Uwargida ta ga garinta da yamma da kuma safiya, Vis ta tsira da kwana biyunta.

Hajiya Mai Tarihi:
Na so a ce ta ruwa cikin jirginsu suka doso ta, amma na yarda, wannan ya fi wa yaran.

Injiniya:
Tikitin jirgin fiton a saye shi ta intanet tun da wuri, na ran Asabar a Yuli yakan ƙare. Kuma wanda fasfonsa ke buƙatar biza ya tuna tun 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya ta shiga Shengen, rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ranar da ta koma kashe yuro.

Baban Yara:
An gode Injiniya. Kyaftin, tambaya ta ƙarshe: wuraren kwana sai mun kama tun yanzu?

Tsohon Matuƙi:
Palmizana kaɗai zan ce a kama da wuri, don takan cika a Yuli. Sauran ka bar wa matuƙi, yana da lambobin mutanen tasha, zai kira da safe bayan ya ga yanayi. In ka biya duka tun yanzu, ka ɗaure kanka da ranaku, iska kuma ba ta san da su ba. Ku dai yi ƙoƙari ku riƙa isa Vis da Komiza kafin ƙarfe 2 na rana. Da baya ake shiga a ɗaure, mai tasha zai miƙo igiyar da ke kwance a ƙasan ruwa a ja ta zuwa goshin jirgi. Tana da laka da ƙananan kwansa masu yanka, don haka ƙanenka ya zo da safar hannu, shi za a sa wannan aikin.